Yayyafin Ruwan Tsarki a Gidajen Mabiya Addinin Hindu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya sha ganin wani ɗan tulu na tagulla da aka ɗora wa kwakwa a baki, ganyen mangwaro ya zagaye ta, wani malami kuma yana tsoma ganye a ruwa yana bin ɗakuna da yayyafi. A fim abin ba ya wuce minti ɗaya. A gidajen Indiya kuwa ibada ce mai ƙa'idoji, mai lokuta sanannu, kuma wadda ta sha jawo gardama tsakanin su kansu mabiya addinin.

Mene ne wannan al'ada, kuma me ake kiranta?

A kudancin Indiya, wato jihohin Tamil Nadu da Kerala da Karnataka da Andhra Pradesh da Telangana, ana ce mata Punyahavachanam, mutanen Kerala kuma su taƙaita su ce Punyaham. A arewa an fi jin shuddhi ko shuddhikaran. Ginshiƙinta ɗaya ne: a zuba ruwa a tulu, a yi masa karatu daga littattafan Veda, wato tsofaffin littattafansu masu tsarki, har a ɗauka cewa ya zama ruwa mai tsarki, sannan a yayyafa shi a kan mutanen gida da ɗakuna da kayan ibada. Wani lokaci ita kaɗai ake yi. Sau da yawa kuma ita ce share fage kafin babbar hidima, kamar aure ko suna ko tarewa a sabon gida.

Wane irin datti ne ake wankewa?

A nan ne mai kallo daga waje ya fi ruɗewa. Gidan da za a yi wa yayyafi an riga an share shi tas, an wanke daɓe, mutanen gida sun yi wanka sun sa wankakkun tufafi. Ruwan da ake yayyafawa bai fi cikin ɗan tulu ba, ba zai wanke ko kwano uku ba. Ke nan ba ƙura ake nufi ba.

A fahimtar Hindu, akwai wani hali da iyali kan shiga idan an haihu ko an mutu a cikinsu. Suna kiransa ashaucha, a bakin talakawan arewa kuma sutak. Muddin suna cikin wannan hali ba sa zuwa wurin bauta, ba sa taɓa gumakan da ke ɗakin ibadar gida, ba sa halartar biki, a wasu wurare ma maƙwabta ba sa cin girkinsu. Ba laifi suka yi ba, haihuwa ai abin murna ce. Sai dai ana ganin cewa shigowar rai da fitarsa kan girgiza tsarin gida, dole a ja baya na ɗan lokaci. Ranar da wa'adin ya cika, yayyafin ne ke sanar da cewa an fita. Daga ranar za a kunna fitilar ɗakin ibada, a karɓi baƙi, a koma cikin jama'a. Idan ana son gane muhimmancin al'adar, to a nan yake: ita ce ƙofar da iyali ke bi su dawo cikin ibada da zamantakewa, kuma kowa a unguwa ya shaida sun dawo.

Waɗanne lokuta ake yin ta?

Mafi shahara shi ne kwana na 11 bayan haihuwa, ranar da iyalai da yawa ke raɗa wa jariri suna. Ana yayyafa wa mai jego da jaririn da ɗakin da suka zauna. Sai bayan mutuwa, idan an gama kwanakin makoki, wanda a yawancin gidaje yakan kai kwana 10 zuwa 13. Sai tarewa a sabon gida, da komawa gidan da ya daɗe a rufe, da bayan gyara idan gobara ko ambaliya ta taɓa shi. Wasu kan yi ɗan ƙaramin yayyafi bayan husufin rana ko na wata, domin suna ɗaukar lokacin husufi a matsayin lokacin rashin tsarki, har girki ma ba sa yi a cikinsa.

Tsofaffin littattafan dokoki ba su yanka wa kowa wa'adi ɗaya ba. Littafin Manusmriti ya bi rukunonin gado huɗu na al'ummar Hindu: ya ba Brahmin (malamai) kwana 10, Kshatriya (sarakuna da mayaƙa) 12, Vaishya ('yan kasuwa da manoma) 15, Shudra (masu hidima) kuwa wata guda cur. Wato tun a lissafin kwanaki ma an nuna wa yake sama, wa yake ƙasa. A yau rayuwar birni ta rage wannan sosai. Ma'aikacin banki a Mumbai ba shi da hutun wata guda.

Yaya ake gudanar da ita daki-daki?

Malamin ibada, wanda ake kira purohit ko pandit, yakan zo da safe. A shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa, a zuba ɗanyar shinkafa a kai, a ɗora tulun a bisa shinkafar. Wannan tulu shi ne kalasha, yawanci na jan ƙarfe ko tagulla, masu hali kuma na azurfa. A naɗe shi da farin zare, a cika shi da ruwa, a jefa kurkum da kanumfari da ɗan kafur da tsabar kuɗi, wasu su ƙara ganyen tulsi, wani tsiro mai ƙamshi dangin ɗoɗɗoya wanda kusan kowane gidan Hindu ke shukawa a tsakar gida. A jera ganyen mangwaro a bakin tulun, a kife kwakwa a kai.

Maigida da uwargida su zauna suna fuskantar gabas. Maigida ya sa zoben da aka saƙa da ciyawar darbha a yatsan hannun dama. Da farko a roƙi Ganesha, abin bautar nan mai kan giwa, domin a wurinsu ba a fara komai sai da shi. Sai ƙudurta niyya, wadda suke kira sankalpa, kuma ba a zuci ake yin ta ba: a fili ake faɗin shekara da wata da rana bisa kalandarsu, da sunan gari, da zuriyar maigida, da tauraron haihuwarsa, da dalilin taruwar. Bayan nan a gayyato Varuna, wanda suke ɗauka ubangijin ruwa, ya sauka cikin tulun. Malamai su taɓa tulun da ciyawar darbha suna rera baitocin Veda, musamman waɗanda ake kira Pavamana, da wani yabon ruwa da ke kashi na 10 na Rigveda, ɗaya daga cikin littattafan Veda. Akwai gaɓar da maigida ke roƙon malaman su furta cewa ranar mai albarka ce, su kuma su amsa masa tare.

Idan karatu ya ƙare sai a sauke kwakwar. A tsoma ganyen mangwaro a yayyafa wa mutane a ka, kowa ya karɓi ɗan kaɗan a tafin hannun dama ya kurɓa, sannan a bi gida lungu-lungu: ɗakin ibada, madafa, ɗakunan kwana, bakin ƙofa, rijiya idan akwai. A ƙarshe a ba malamin sadakarsa, wato dakshina, haɗe da shinkafar da kwakwar. Idan ita kaɗai aka yi, ba ta cika wuce sa'a ɗaya ba.

Dole ne ruwan ya fito daga kogin Ganga?

A'a, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a tsarin. Ruwan famfo ko na rijiya ya wadatar. Akwai wani gajeren baiti da kusan kowane yaro a gidan masu ibada ya haddace, wanda ke kiran koguna bakwai da su zo su kasance a cikin ruwan da ke gaban mai karatu: Ganga, Yamuna, Godavari, Saraswati, Narmada, Sindhu da Kaveri. A duba jerin da kyau. Kaveri na can kudu, Narmada na kwarara yamma, Sindhu yawancinsa yanzu a Pakistan yake, Saraswati kuwa ba a ganinsa a doron ƙasa, a littattafai yake da kuma imanin cewa yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya haɗu da Ganga da Yamuna a Prayagraj. Da baiti ɗaya an tattaro taswirar ƙasar gaba ɗaya an zuba a tulu. Wannan ne ya sa ɗan Indiya da ke Landan ko Dubai ko Legas zai iya yin ibadarsa ba tare da ya jira kowa ya kawo masa ruwa daga gida ba.

Duk da haka, idan akwai ruwan Ganga na gaske, ana ɗiga kaɗan a ciki. A wurinsu ɗigo ɗaya ya isa ya mayar da dukan tulun ruwan Ganga.

Me ya sa Ganga ta fi sauran koguna daraja?

Mabiya Hindu ba sa kallon Ganga a matsayin kogi kawai. Uwa suke kiranta, kuma abar bauta ce. Labarin da suka gada ya ce 'ya'yan wani sarki mai suna Sagara su 60,000 sun fusata wani mai zuhudu, Kapila, ya ƙone su suka zama toka, kuma ba su da tsira sai ruwan Ganga ya taɓa tokar, alhali a lokacin tana sama. Wani jikan zuriyar, Bhagiratha, ya yi ta ibada har aka yarda ta sauko, Shiva kuma, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, ya tare ta da gashin kansa don kada ƙarfinta ya farfasa ƙasa. Tun daga tushen labarin, aikinta shi ne tsarkake matattu da 'yantar da su. Shi ya sa ake zuba tokar gawa a cikinta, ake kuma ɗiga ruwanta da ganyen tulsi a bakin mai gargarar mutuwa.

Kogin kansa yana da tsawon kusan kilomita 2,525. Yana farowa daga ƙanƙarar Gangotri a tsaunukan Himalaya da sunan Bhagirathi, ya haɗu da Alaknanda a Devprayag, ya gangaro Rishikesh da Haridwar, ya wuce Kanpur da Prayagraj da Varanasi da Patna kafin ya faɗa Tekun Bengal.

Ta yaya ruwan ke isa gidajen mutane, kuma ina ake ajiye shi?

Duk wanda ya je ziyara Haridwar ko Varanasi da wuya ya dawo ba da jarka ko ɗan tulun jan ƙarfe da aka liƙe bakinsa ba. A watan Shravan, wanda ke faɗowa tsakanin Yuli da Agusta, miliyoyin mutane, yawancinsu samari, kan taka da ƙafa sanye da tufafi ruwan lemo, su ɗebo ruwan su rataya a sanda su kai wuraren bautar Shiva na garuruwansu. Wannan tafiya ita ce Kanwar Yatra. Tun 2016 kuma hukumar gidan waya ta Indiya ta fara sayar da ruwan a kwalabe daga Gangotri da Rishikesh, ana iya yin oda ta intanet a kawo har gida.

A gida ana ajiye shi a ɗakin ibada, wanda bisa ilimin tsara gini na Vastu ya fi dacewa ya kasance a kusurwar arewa maso gabas. Ba a taɓa shi sai da wankakken hannu, kuma tsofaffi sun fi son a juye shi daga roba zuwa tulun ƙarfe.

Gaskiya ne ana haɗawa da fitsarin saniya?

Gaskiya ne, a wasu lokuta. Haɗin ana kiransa panchagavya: madara, kindirmo, man shanu, fitsari da kashin saniya. An fi amfani da shi bayan mutuwa ko wajen tarewa a sabon gida, kuma ɗan kaɗan ake sawa. Iyalai da yawa a birane sun bar shi, ko su tsaya ga yayyafa shi a ƙasa kawai. A kudu wasu kan shigo da saniya da ɗan maraƙinta cikin sabon gida kafin kowa ya kwana a ciki.

Tarewa a sabon gida fa, yayyafin ne kawai?

Yayyafin ɓangare ne na bikin da ake kira Griha Pravesh. Sai an nemi mai duba taurari ya tsayar da rana da sa'a. Ma'aurata su shiga da ƙafar dama, ɗauke da tulun. A hura wutar ibada a tsakiyar falo ana zuba mata man shanu, a roƙi Vastu Purusha, wanda suke ganin shi ne ruhin filin da aka yi gini a kai. Uwargida ta ɗora madara a sabon murhu ta bar ta ta tafasa har ta zubo, alamar arziki ya yalwata. Ita waccan al'ada da ake gani a fim, inda amarya ke ture tulun shinkafa da ƙafa a bakin ƙofa, ta shigar amarya gidan miji ce, ba ita ce wannan ba, ko da yake sunansu ɗaya a wurare da dama.

Shin ruwan na kashe ƙwayoyin cuta, kamar yadda wasu ke cewa?

Masu wannan magana suna da abin kafa hujja guda biyu. A 1896 wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan Birtaniya da ke aiki a Agra, Ernest Hankin, ya wallafa cewa ruwan Ganga da Yamuna na kashe ƙwayar kwalara. Bayan kimanin shekara 20 aka gano wasu ƙananan halittu masu cinye ƙwayoyin cuta, sai wasu suka ce su ne Hankin ya ci karo da su, ko da yake masana ba su haɗu a kan haka ba. Na biyu shi ne jan ƙarfe, wanda an tabbatar yana kashe ƙwayoyin cuta da dama idan ruwa ya kwana a cikinsa.

Amma a yi wa magana adalci. Ganga ta yau tana karɓar ƙazantar manyan birane da dagwalon majemun Kanpur. Gwamnatin Indiya da kanta ta ƙaddamar da shirin Namami Gange a 2014 don tsabtace kogin, bayan wani shirin na shekarun 1980 bai kai ga gaci ba. A Fabrairun 2025, ana tsakiyar Maha Kumbh, babban taron wankan ibada, a Prayagraj, hukumar kula da gurɓatar muhalli ta ƙasa ta kai rahoto gaban kotun muhalli cewa ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida sun wuce ƙima a wuraren wanka, gwamnatin jihar Uttar Pradesh kuma ta musanta. Ɗigon ruwa a bango ba ya kashe cutar da ke ɗaki. Mai ibada na gaske ma ba wannan yake nema ba: a wurinsa Ganga na iya yin datti ba tare da ta rasa tsarkinta ba, domin abu biyu ne daban. Masu fafutukar muhalli a Indiya sun daɗe suna kukan cewa wannan rarrabewa ce ke sa mutane yin sakaci da kogin da suke bauta wa.

Ina alaƙar wannan al'ada da wariyar asali ta Indiya?

Ba a iya bayanin tsarki a addinin Hindu a tsallake wannan. Tunanin da ya ce haihuwa da mutuwa na kawo rashin tsarki na ɗan lokaci, shi ne aka shimfiɗa a kan wasu mutane aka ce su rashin tsarkinsu na gado ne, ba ya gushewa. Su ne Dalit, waɗanda aka bar wa aikin jima da kwasar gawa da yashe masai. An yi zamanin da in ɗayansu ya taɓa rijiya ko ya taka tsakar gidan wani babba, sai an yi yayyafi.

A ranar 20 ga Maris 1927, B. R. Ambedkar, jagoran fafutukar 'yancin Dalit, ya jagoranci dubban Dalit zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad na jihar Maharashtra ta yanzu, suka sha ruwa. Bayan sun tafi, masu ganin kansu manya suka zuba haɗin kayan saniya a tafkin da karatu, wai sun tsarkake shi. Sai a 1937 babbar kotun Bombay ta tabbatar wa Dalit haƙƙin amfani da tafkin. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, ya haramta wannan wariya, a 1955 kuma aka yi dokar hukunta masu yin ta. Abin bai mutu ba. Jaridun Indiya har yanzu kan kawo labarin an wanke wurin bauta ko ofis bayan wani Dalit ya shiga. A Janairun 2019 ma, da wasu mata biyu suka shiga wurin bautar Sabarimala a Kerala bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 da ya ɗage hanin shiga da aka yi wa mata masu shekarun haila, an rufe wurin an yi hidimar tsarkakewa, abin da ya tayar da ƙura a ƙasar baki ɗaya. Tulu ɗaya ne, karatu ɗaya ne, amma yayyafa wa jariri ranar suna daban, yayyafa wa inda ɗan'adam ya taka daban.

Duk mabiya Hindu ne suka yarda da ita?

Ina! Tun ƙarni na 12, mabiya wani malami mai suna Basava a Karnataka, wato Lingayat, suka yi watsi da batun rashin tsarkin haihuwa da mutuwa da haila da asalin mutum. Mawaƙin nan Kabir na ƙarni na 15, wanda ya rayu a Varanasi a bakin Ganga, ya sha yi wa masu neman tsira ta hanyar wanka ba'a. Ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda Saraswati ya kafa a 1875 ta fi ba wutar ibada muhimmanci, ba ta ɗauki ruwan wani kogi a matsayin mai wanke zunubi ba. A ƙidayar 2011 mabiya Hindu sun kai kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya, kimanin miliyan 966. Jama'a mai wannan yawa ba ta taɓa zama a kan ra'ayi ɗaya ba.

Mace na iya jagorantar hidimar?

A al'ada aikin mazan Brahmin ne. Amma tun shekarun 1970 aka fara horar da mata a birnin Pune, kuma yanzu a Maharashtra ba abin mamaki ba ne a ga mace na jagorantar suna ko tarewa. Ƙaramin yayyafi na yau da kullum kuwa, dama can uwargida ce ke yin sa ba tare da kiran kowa ba.

A wajen Indiya ma ana yi?

Ana yi, kuma kowace ƙasa da salonta. A tsibirin Bali na Indunusiya ruwan tsarki, wanda suke kira tirta, shi ne kan gaba a kowace ibada, har ana yi wa addininsu laƙabi da addinin ruwan tsarki. Ba a shiga sabon gini a can sai an yi masa bikin melaspas, mutane kuma na zuwa wanka a maɓuɓɓugar Tirta Empul, wadda wurin bautarta ya samo asali tun ƙarni na 10. A tsibirin Moris (Mauritius), jikokin leburorin Indiya da aka kai noman rake sun mayar da wani tafki na kan dutse, Grand Bassin, madadin Ganga. A 1972 aka kawo ruwa daga Indiya aka zuba a ciki, ana kiransa Ganga Talao. A Accra ta Ghana akwai wurin bautar Hindu da wani ɗan ƙasar, Swami Ghanananda, ya jagoranta daga 1975 har rasuwarsa a 2016, mafi yawan masu zuwa kuma 'yan Ghana ne.

Ba kamar yadda alhazai ke dawowa da zamzam ba ne?

Ta fuskar ɗabi'ar ɗan'adam akwai kama: a je wuri mai daraja, a ɗebo ruwa, a adana, a ba mara lafiya. Ta fuskar aƙida kuwa hanya ta rabu tun daga farko. Musulmi ba ya bauta wa zamzam, ba ya kiran wani ya sauka a cikinsa, kuma Musulunci bai ɗora wa dukan iyali hukuncin rashin tsarki don an haihu ko an mutu a gidansu ba. Shi mai bin Hindu yana ganin Ganga da Varuna suna halarce a cikin tulun da kansu.

Me ake yi da ragowar ruwan?

Ba a zubar da shi a kwata ko makewayi. A gindin tulsi ake juye shi, ko gindin wata bishiya inda ƙafa ba ta takawa. Furanni da ganyen da aka yi amfani da su ma haka, ko a kai su ruwa mai gudu.

Idan maƙwabci ko abokin aiki ɗan Hindu ya gayyace ni irin wannan taro fa?

Ana cire takalmi a bakin ƙofa, kuma ba a shiga ɗakin ibada sai an ce a shiga. Kada a taɓa tulun. Abincin ranar ba nama ba ƙwai, a gidajen da suka tsananta ma ba albasa ba tafarnuwa. Idan aka zo zagayawa da ruwan ko da abincin da aka miƙa wa abin bauta, wanda suke kira prasad, baƙon da addininsa bai yarda ya karɓa ba yana iya ja da baya ya yi godiya cikin ladabi. Indiyawa sun saba zama da Musulmi da Kirista da Sikh, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Mafi sauƙi shi ne a tambayi mai gida ƙarfe nawa za a gama ibada, a zo bayan nan a yi masa murna a ci abinci.